Ƙwallo Mai Lamba Ɗaya

Shekara ashirin da takwas ni nake juya gangar ƙuri'a a tsibirinmu. Ba gangar kiɗa ba ce. Akwati ne na katako mai kusurwa takwas, an ɗora shi a kan ƙafafu biyu, da mariƙi a gefe. In na juya sai ka ji ƙara kamar igiyar ruwa tana jan tsakuwa, daga nan ƙwallo ɗaya ya faɗo ta wani ɗan baki zuwa cikin faranti. Wanda lambarsa ke jikin ƙwallon ya sami shiga tseren bana ke nan.

Tseren namu na watan huɗu ne, bayan an gama yankan rake. Iyo kilomita uku, a hau keke a zagaye tsibirin har sau biyu, a sauka kuma a kama gudu sai rana ta yi sanyi. Mutum ɗari biyu kawai titunanmu za su iya ɗauka, masu nema kuwa yanzu ba sa kasa ɗari tara. Kowa yakan aiko da katinsa ta gidan waya, ana ba shi lamba bisa yadda katunan suka iso, na farko lamba ɗaya, na biyu lamba biyu, har ƙarshe. Ranar ƙuri'a sai ni, Genkichi, in sa riga mai tsabta in je in juya.

Ƙwallaye ɗari na farko na katako ne. Marigayi kafinta Zensuke, wanda ya ƙera gangar, shi ya sassaƙa su da hannunsa tun lokacin da masu neman shiga ba su fi ɗarin ba, guraben kuma ba su kai haka ba. Sauran duk na roba ne, daga kamfani aka sayo su da lambobinsu a buge. Na robar ban taɓa kula da su ba. Na katakon kuwa, kowace shekara kafin ƙuri'a nakan jera su a baranda, in shafa musu sabon farin fenti, in sake rubuta lambar kowanne da baƙin tawada. Haka Zensuke yake yi, kuma kafin ya rasu ya ce mini kada in bar su su fita gaban jama'a da tsohuwar riga. Ban taɓa fashi ba.

Cikin masu aiko da kati akwai Noboru. Mutumin can arewa ne, inda ƙanƙara ke rufe ƙofofi, kuma a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, yana ware wasiƙu. Don haka ya san jirgin ruwan da ke ɗauko mana wasiƙa, ya san ranar da yake tasowa, ya san ma buhun da ake fara kwancewa. Shekara goma sha biyu katinsa ne yake fara isowa. Shekara goma sha biyu shi ne lamba ɗaya, kuma ko sau ɗaya ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba.

Duk da haka yakan zo. Yakan sauka a masaukin yayata Kame, ya karɓi hular 'yan sa-kai, ya tsaya a kwanar masana'antar rake yana miƙa wa masu gudu soso mai ruwan sanyi. Da yamma ya dawo da jiƙaƙƙen takalmi ya zauna a baranda.

"Ga mai lamba ɗaya nan," in ji Yaya Kame bara, tana ajiye masa shayin sha'ir. "Na farko a kati, na farko a rabon soso. Wai kai ba ka da wani tsibirin da zai ƙi ka sai namu?"

"Akwai, Inna, amma abincinsu bai kai naki ba."

"Ji shi da daɗin baki. Shekararka nawa yanzu?"

"Sittin da uku."

"To saura ɗaya. In ka cika sittin da biyar ko ƙwallonka ya fito ba za su bar ka ka shiga ruwa ba."

"Na sani," ya ce, yana murza gwiwarsa. Ya juyo gare ni, ya haɗa sunana da "san" na girmamawa. "Genkichi-san, don girman kakanninka, kana sa nawa a ciki kuwa? Ko a aljihu kake barinsa?"

Na ce masa da hannuna nake sa shi, kuma shi nake fara sawa. Gaskiya na faɗa.

A kakar bana aka kira taron kwamiti. Shugabarmu Sachie ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mace mai magana a gajarce. Ta daɗe tana so a daina ƙuri'a. Abin da take so shi ne kowa ya kawo takardar shaida cewa ya gama wani tseren irin wannan a ƙasa da awa goma sha uku, a jera masu nema bisa saurinsu, a yanke a ɗari biyu.

"Bara mutum goma sha tara muka tsamo daga ruwa," ta ce. "Sha tara. Ɗaya ma a tafkin wanka ya koyi iyo, bai taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba sai ranar. Ni na gaji da tsayuwa a kwalekwale ina ƙirga kawuna zuciyata tana bugawa."

Na miƙe na yi magana, ni da ba na yawan magana a taro. Na ce agogo ya san masu ƙarfi kaɗai, ganga kuwa ba ta san kowa ba. Na ce wanda yake da kuɗin yawon tsere-tsere da kekuna marasa nauyi shi zai riƙa kawo takarda, mai sayar da awara da direban bas kuwa sun fita ke nan. Na ce a cikin ganga kowa ƙwallo ne, girmansu ɗaya. Har na so in ba su labarin kaguwar nan da ke hawa bishiyar kwakwa, don akwai wani abu a cikinsa da ya shafi maganar, amma Sachie ta ɗaga hannu.

"Baba Genkichi, mun ji. Kaguwar a bar ta sai wani taron."

Aka ɗaga hannuwa, aka rinjaye ni. Ƙuri'ar bana ita ce ta ƙarshe. Na dawo gida a hankali ta bayan makaranta, ina tunanin Noboru. Da agogo ko da shekaru, duk ta inda aka bi, wannan ce damarsa da ta rage.

Katinsa ya iso a jirgin farko, kamar kullum. Lamba ɗaya.

Saura mako biyu ƙuri'a na shiga ɗakin ajiya don in fito da ƙwallaye in yi musu fenti. Bara na gaji, ban kwashe su ba, na bar su a cikin gangar. Gangar tana da ƙofa babba a baya, ta nan nake zuba su, ta nan nake kwashewa. Sai na tarar iskar gishiri ta cinye sakatar, ta yi tsatsa ta kafe. Na sa mai, na bubbuga, ta ƙi. Ban so in fasa aikin Zensuke ba, sai na ce bari in fito da su ta ɗan bakin, ɗaya bayan ɗaya, ai ba inda za ni.

Na jawo kujera na zauna ina juyawa. Tun hantsi nake yi har rana ta wuce tsaka. Na robar suna ta faɗowa, ina zubawa a bokiti, har na fara gyangyaɗi. Can sai na lura faranti ya daina ƙara. Ina juyawa, ganga tana kuka, ba abin da ke fitowa. Na duba bokitai uku da na cika. Babu fari ko ɗaya a ciki.

Na leƙa ta bakin da tocila. Ga su nan, su ɗari, sun taru. Na sa yatsa na jawo ɗaya zuwa bakin. Ya zo ya tsaya. Na tura shi ta ciki da sanda, ya ƙi wucewa. Bambancin bai fi kaurin farce ba, amma ya ƙi.

Na daɗe a zaune. Wani ƙadangare ya sauko ta bango ya dube ni ya koma.

Daga baya na ɗauko guduma na karya sakatar. Na ɗauki lamba casa'in da tara, na ɗaure shi a teburin aiki, na raba shi biyu da ƙaramin zarto. Abin da na gani yana da kyau, sai dai bai kamata in ji daɗinsa ba. Katakon yana tsakiya, launin zuma, fentin kuwa ya zagaye shi zobe a kan zobe, kamar yadda ake gani in an sare bishiya. Na sa gilashin karatuna na ƙirga. Ashirin da takwas nawa, huɗu na Zensuke. Akwai wani zobe mai ɗan ruwan toka, na shekarar guguwar da jirgi bai zo ba na haɗa fentin da ragowar na kwalekwale. Na tuna shekarar sarai.

Sai na ɗauki lamba casa'in da takwas na fara kankarewa da wuƙa, zobe ɗaya ɗaya, duk wanda na cire sai in gwada a bakin gangar. A na goma sha huɗu ya wuce, ya faɗa faranti da 'yar ƙararsa. Shekara goma sha huɗu ke nan babu wanda ya shigo tserenmu daga cikin mutum ɗari da suka fi kowa ɗokin shiga. Ba wanda ya lura, domin ni lamba nake kira, magatakarda ya duba ya kira suna, jama'a su tafa wa sunan, lambar kuma a manta da ita.

Yaya Kame ta same ni a nan da rabin ƙwallo a hannu. Na nuna mata. Ta duba, ta sake dubawa, ta zauna a kan buhun taki.

"Kai Genkichi. Kai Genkichi! Tun kana yaro haka kake. An aike ka sayen man fitila ka tsaya kallon tururuwa."

"Zensuke ne ya ce in riƙa yi musu fenti."

"Ya ce ka yi musu fenti, ya ce maka kada ka kankare tsohon? Mutumin nan shekara goma sha biyu yana cin shinkafata yana miƙa soso. Da ya yi lalaci irin na mutane ya aiko a mako na biyu, da tuni ya yi tserensa ya huta."

"Zan gaya wa Sachie."

"Ka gaya mata ta soke ƙuri'ar tun bana? Ai neman dalili take. Sai ta ce a kawo takardun agogo gobe, shi kuma Noboru da gwiwar nan tasa ko awa goma sha biyar ba zai yi ba." Ta miƙe da ƙyar, tana dafa ƙugu. "Akwai samfefa ta goge katako a ƙarƙashin matakala. Ni dai ban ga komai ba, idona ya daɗe da lalacewa."

Kwana tara na yi ina goge su. Lamba casa'in da tara na manne shi da gam. Yatsuna suka yi fari, suka tsattsage, ƙurar fenti ta shiga har cikin miyata. Kowanne na goge shi har ya koma daidai da na roba, na gwada shi a baki, na rubuta lambarsa a kan katakon kai tsaye. Lamba ɗaya na bari a ƙarshe.

Akwai abin da na sani tun ina yaro, daga kallon mahaifiyarmu tana girgiza wake a faifai. In ka girgiza, manya sukan hau sama, ƙanana su nutse ƙasa. Bakin gangar kuwa a ƙasa yake ɗiba. Na goge lamba ɗaya har ya yi daidai da sauran. Na riƙe shi a tafin hannu na ɗan jima. Ni ne na tsaya gaban kwamiti na ce a cikin ganga kowa girmansa ɗaya. Sai na ɗauki samfefar na ci gaba da gogewa, har ya koma kamar ƙwayar gyaɗa babba.

Ranar ƙuri'a aka cika zauren gari. Na juya. Na farko ɗari huɗu da wani abu. Na biyu ɗari bakwai da goma. Na uku ya faɗo da wata ƙara dabam, ƙarar katako a kan faranti, wadda na manta da ita.

"Lamba ɗaya," na ce.

Magatakarda ya buɗe littafi tun daga shafin farko, abin da ya daɗe bai yi ba. Da ya kira sunan sai zauren ya ɗauka, don kowa ya san mai soso na kwanar masana'antar rake. Kafin a tashi wasu ashirin da ɗaya na katako sun fito. Sachie ta ɗauki lamba ɗaya daga faranti, ta juya shi tsakanin yatsunta, ta dube ni.

"Bana ba fenti, Baba?"

"Ya ƙare."

"Ƙananan lambobi sun farka yau," ta ce. Ta mayar da shi faranti.

Yaya Kame ce ta buga wa Noboru waya, ina tsaye a gefe. "Kai mai soso, bana sai ka nemi wanda zai miƙa maka." Shiru ya yi tsawo har ta girgiza wayar. "Kana nan kuwa, ko ka suma?" Na ji muryarsa can ƙasa yana cewa yana nan, yana neman kujera ne.

Ya iso saura kwana huɗu tsere, da kekensa a cikin kwali. Ya rame. Ya ce duk damina da hunturu yana zuwa tafkin wanka na garinsu, amma kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa kamar da. Da muka zauna a baranda ya ciro wata takarda daga jakarsa, ta yi laushi saboda ninkewa. Shaidar wani tsere ce da ya gama a shekarar da ya fara aiko mana da kati. Awa goma sha biyu da minti goma.

"Da a lokacin dokar Sachie-san ake bi, da na shiga tun shekarar farko," ya ce yana dariya. "Kada ka gaya mata, sai kanta ya ƙara girma."

Ban yi dariyar ba. Na ce masa shayinsa zai huce.

Ranar tsere teku ta kwanta, ba iska. Ƙarfe bakwai aka busa ƙaho, mutum ɗari biyu suka faɗa ruwa da hulunan roba masu launin lemo. Dokar iyo awa ɗaya da minti hamsin ce. Wanda bai fito ba a lokacin, kwalekwale zai ɗauke shi, kekensa kuma ya kwana a inda aka jingine shi. Na tsaya a kan dutsen da nake tsayawa kowace shekara, ina kallo. Daga nesa kawunan kamar lemo aka zubar daga jirgi.

Suka fara fitowa, na farko kamar kifi, na baya suna tangaɗi. Wajen kekuna ya yi ta raguwa. Awa ɗaya da rabi, saura kekuna goma sha ɗaya. Da minti arba'in, saura huɗu. Ina hango Noboru, hannun hagu yana fitowa sosai, na dama yana jan ruwa kawai. Bai tsaya ba ko sau ɗaya. Da aka busa ƙaho na biyu, tsakaninsa da yashi bai fi tsawon filin makaranta ba.

Kwalekwalen Sachie ya matsa kusa da shi. Na ga ta sunkuya tana magana, na ga ya girgiza kai. Dokar ta ce a ɗauke shi. Sai na ga ta zauna, ta ce wa mai tuƙi wani abu, kwalekwalen ya riƙa bin sa a hankali ta gefe har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya fito da rarrafe. Wata mata ta karɓe na'urar ƙidayar lokaci da ke ɗaure a idon sawunsa, ta rusuna masa, ta yafa masa tawul.

Na same shi zaune a yashi kusa da kekensa, shi kaɗai ya rage a wajen. Lasifika tana can tana kiran sunayen waɗanda suka kai gadar arewa. Na zauna. Gwiwoyina ma ba su so zaman ba.

"Minti shida na makara," ya ce. "Ruwanku ɗumi gare shi. Kullum daga kwanar rake nake hango shi, ban san haka yake da ɗumi ba."

Na ciro ƙwallo mai lamba ɗaya daga aljihu, da wani hoton zobban fenti da na zana a bayan ambulan, na gaya masa komai. Fentin, sakatar, zobe goma sha huɗu, har da ƙarin gogewar da na yi wa nasa. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ya karɓi ƙwallon ya daɗe yana kallonsa.

"Wato da na aiko a makare..."

"Da ka shiga. Ko ba a shekarar farko ba, da ka shiga."

"Ni da nake kwana biyu ina lissafin jirgi." Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce. "Har wani abokin aikina na roƙa ya riƙa sa katina a saman buhu. Shekara goma sha biyu ina kai masa tuffa."

"Ka yafe mini, Noboru-san."

Ya goge yashin da ke jikin ƙwallon da gefen tawul.

"Sauran casa'in da taran fa? Su ma suna can suna cewa ba su da sa'a."

"Sunayensu suna cikin littattafan magatakarda. Zan gaya wa Sachie gobe, in roƙe ta ta ba ni in rubuta musu."

"Da rubutun nan naka? Sai su ɗauka takardar boka ce." Ya sa ƙwallon a cikin hular robarsa ya naɗe. "Ka kawo, ni zan rubuta adireshin. Aikina ne. Wannan kuma na riƙe, ai nawa ne."

Ya yunƙura zai tashi, ya koma. Na ba shi hannu, muka ja juna har muka miƙe. Ya dubi keken, ya dubi hanyar da ta hau tudu.

"Wa aka sa a kwanar rake bana?"

"Matar mai gidan mai."

"Ba ta matse soso, sai ta jiƙa wa mutane takalmi." Ya kama keken ta ƙaho ya fara turawa. "Masu gudu ba za su iso can ba sai bayan azahar. Mu je a hankali, in sami abin da zan sa a ciki tukuna."